Ina so in maido wa Baba Fijo 504 ɗin da ya sayar saboda karatunmu, amma kuɗina ba su da yawa

Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya, ina da aure da 'ya'ya uku. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shekarunsa 71, yana zaune a cikin birni tare da mahaifiyarmu. Muna yara yana da Fijo 504 fara wadda ya saya a 1984 da bashin mota. A 1998 ya sayar da ita ya biya wa yayyena biyu kuɗin jami'a, ni kuma aka kai ni makarantar kwana. Tun daga nan bai sake mallakar mota ba sai babur, shi ma yanzu ya jingine shi. Har yau idan 504 ta gifta sai ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Shekara biyu ina zubin adashi, ga ɗan cinikin turaren wuta, na tara naira miliyan uku. Wani dillali ya nuna mini wata 504 a Sabon Gari, fara tas, sabon fenti, ya ce miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, wai akwai wani Alhaji daga Kano da zai zo da kuɗi ranar Asabar. Da na tambayi takardu sai ya ce suna wurin mai motar, za a kawo bayan an biya. Maigidana bai hana ni ba, amma ya ce wahala zan saya wa tsoho. Babban yayanmu kuwa da na ɗan tsegunta masa cewa ya yi gara a haɗa kuɗi a kai Baba Umra, kuma na ga kamar ransa bai yi daɗi ba. Mama ba ta sani ba, don ba ta iya ɓoye wa Baba komai. Burina ranar Babbar Sallah ya fito zai tafi idi ya ganta a ƙofar gida. Ban san komai game da mota ba. In saya ko in haƙura?

'Yar Baba, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa 'ya'yanki su rama miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da kika ce yana bin mota da kallo har ta ɓace ya tsaya mini a rai, domin na san irin wannan kallon. Mutumin da ya sayar da motarsa don karatun 'ya'yansa ba ya faɗa wa kowa abin da ya ji ranar da mai saye ya ja ta ya fita da ita daga unguwa. Ke kin gani kina yarinya, kin riƙe shekara da shekaru. Niyyarki ba ta da aibi ko kaɗan, kuma ba zan ce ki haƙura ba.

Amma bari in fara da abin gaggawa. Waccan motar ta Sabon Gari, kada ki ba da ko kafin alƙalami a kanta kafin Asabar. Alhajin Kano da zai zo da kuɗi tsohon baƙo ne a bakin dillalai, tun muna samari yake hanya bai iso ba. Idan da gaske ne ya zo ya ɗauka, Allah ya sa rabonsa ce, 504 ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Abin da ya fi damuna shi ne batun takardu. Wanda ya ce ki biya tukuna a kawo miki takardu, cinikin biri a sama yake so ki yi. Ana ganin takardun mota kafin a fara maganar farashi, a kuma ga mai motar ido da ido.

Na ce ba ta ƙare ba don dalili. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, amma mu nan tamu ce ta gida, domin tun 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka daga ƙofar gidanku. Can aka ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da daina yin ta. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar malamin jami'a a Samaru, ita ce ta haya tsakanin Zariya da Kaduna da Kano, wagon ɗinta ta kwashi fasinja, a-kori-kurarta ta kwashi buhunan masara. Shi ya sa har yau akwai su a kwance a cikin gidaje an lulluɓe da tamfol, akwai tsofaffin makanikai da suka san ta kamar yunwar cikinsu, kuma kayan gyaranta ba su ɓace ba. Abin da ba a samu a Sabon Gari ko Tudun Wada ba, akan neme shi a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Da a ce tsohuwar Marsandi Baba yake bege, da na ce ki sake lissafi tun daga tushe, don kayanta sun fi tsada kuma masu taɓa ta sun fi ƙaranci. Ta wannan fuskar kin yi sa'a.

Yanzu maganar maigidanki. Kada ki ɗauke ta a matsayin sanyaya gwiwa, gaskiya ya faɗa miki a taƙaice. Tsohuwar mota kamar doki take, kuɗin sayenta shi ne mafi sauƙi, ciyar da ita ne aikin. Idan kika ba da miliyan biyu da dubu ɗari bakwai daga cikin miliyan ukunki, saura dubu ɗari uku. A ciki za ki biya la'adar dillali, ki yi canjin suna da sabunta takardu, ki sayi tayoyi huɗu da batir, a juye baƙin mai, a duba birki. Kafin a gama kin shiga bashi, motar kuma ba ta riga ta nuna ainihin ciwonta ba, domin tsohuwar mota sai an yi sati biyu ana hawanta take fara faɗin abin da ke damunta. Daga nan wa zai ɗauki nauyi? Baba ne, da kuɗin fanshonsa. Kuma na san halin iyayenmu, ba zai taɓa kiran ki ya ce kafireta ta toshe ki turo kuɗi ba. Zai rage daga kuɗin cefane ya gyara, ko ya bar ta a ƙofar gida tana tara ƙura, kullum ya fito masallaci ya gan ta ya ji nauyinki. To kin ga kyautar ta zama abin kunya gare shi, ke kuma ba abin da kika nufa ba kenan.

Saboda haka ga yadda zan raba kuɗin da a ce nawa ne. Kada kuɗin saye, har da la'ada, ya wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Dubu ɗari bakwai ki ware don gyaran farko da takardu. Ragowar dubu ɗari biyar ki ajiye a wani asusu dabam, ki sa masa suna kuɗin motar Baba, kada ki taɓa shi ko da biki ya taso. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah ko za ki iya ɗaukar kuɗin mai duk wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, kuma 504 mai kafireta ba ta san tsimi ba. Ko tana da lafiya, wajen lita 10 zuwa 12 take sha a kilomita 100, idan kafiretar ta gaji ta wuce haka. Zuwa Kaduna da dawowa kaɗai zai lashe kusan lita 20. Idan kin ga ba za a samu mai lafiya a wannan farashin ba, ki ƙara wata shida kina tari. Tsohuwar mota ba ta da tsayayyen farashi, yanayinta da matsuwar mai ita ne suke yanka kuɗinta, mai haƙuri kuma shi yake dacewa.

Sai batun fenti, wanda a nan ne na fi jin tsoro a kanki, don ni ma an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi wata tsohuwar mota a hannun wani mutum, tana sheƙi kamar amarya, har maƙwabta suka shigo taya murna. Damina ta farko ta tona asiri. Fentin ya fara yin ƙuraje ta ƙasan ƙofofi, na kai wa mai gyaran bodi, ya ɗan ƙwanƙwasa da gindin sukudireba sai ga fila, ƙullin da ake cike ramukan bodi da shi kafin fenti, yana ɓarewa kamar ƙanzon tuwo, tsatsa ja-wur a ƙarƙashi. Da muka ɗaga kafet ɗin gefen direba, ashe da guntun kwanon rufi aka toshe ramin da ke ƙasa. Wata rana a wajen Jaji ruwan sama ya kama ni, na isa gida da safa a jiƙe alhali gilasai a rufe suke. Tun daga ranar na fi yarda da motar da fentinta ya koɗe amma na asali ne, a kan wadda aka yi wa wanka jiya. Sabon fenti a kan motar da za a sayar tambaya ce: me aka rufe?

A tsohuwar 504 bodi ya fi inji muhimmanci. Inji ana sauke shi a yi masa garambawul, a sa sabon ringi da gaskit ya dawo kamar saurayi, kuma kuɗin aikin sananne ne. Tsatsar da ta ci ƙashin mota kuwa rami ce marar ƙasa, kina facin nan can yana buɗewa. Don haka duk wanda zai duba miki ya zo da ɗan maganaɗisu, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar sifika. Ya bi da shi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, da gindin gilashin gaba. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da fila zai zame ya faɗi. A ɗaga kafet gaba da baya, a fitar da safaya a leƙa ƙasan but, a buɗe bonet a duba inda kawunan shokozoba suke zaune. Sannan a hau da ita kan rami a shiga ƙarƙashi da tocila, a ga ko an taɓa yin walda a shasi, alamar ta taɓa yin mummunan haɗari.

Inji kuma a same shi da sanyi. Ki ce za ku zo da sassafe, kuma kada a tayar da ita kafin ku iso. Mai duba ya ɗora hannu a kan injin, idan da ɗumi an riga an yi mata shiri. Motar da ta kwana ita ke faɗin gaskiya. A tsaya a bayanta a kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, baƙi ƙirin kafireta ce ke ba da mai fiye da kima, wannan mai sauƙi ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A buɗe marfin baƙin mai, idan aka ga wani abu kamar madarar da aka dama da shayi, ruwa da mai sun haɗu. A leƙa lagireto tun tana sanyi a ga ko da maiƙo a saman ruwan. Bayan nan a fita da ita titi sosai, kada a tsaya a zagayen layi. A bi hanyar Samaru har Shika a dawo, a shiga cunkoson PZ a ga ko allurar zafi za ta hau, a saurari giya ko tana ƙara ko tana fita da kanta, a taka birki a ga ko tana ja gefe guda. Tayoyi ma suna da shekarun haihuwa a jikinsu, lamba huɗu ce, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2319, a sati na 23 na 2019 aka yi ta, kuma ko zanenta bai goge ba ta tsufa.

Wanda zai yi wannan duban kada ya zama makaniken da dillali ya kawo. Ki nemi naki, dattijo wanda ya yi zamanin Fijo, ki biya shi kuɗin wuninsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada cinikin ya zama shi ne abincinsa. Yaran yanzu da suka saba da sa wa mota kwamfuta ba za su ji abin da kunnensa zai ji ba.

Takardu kuwa abin nema shi ne takardar shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Ko sun daɗe da ƙarewa ba laifi, ana sabuntawa, muddin sunan da ke jiki shi ne na mai sayarwa, ko akwai rubutacciyar shaidar yadda ta zo hannunsa. A gwada lambar shasi da ta inji da ke jikin motar da waɗanda ke cikin takarda, harafi da harafi. Wadda aka haɗa a Kaduna ba ta da takardar kwastan don ba shigo da ita aka yi ba, amma idan an ce 'yar waje ce sai a nuna ta. Ki kula ƙwarai idan motar marigayi ce, kuma yawancin masu kyan da suka rage irinsu ne. Ɗa guda ba ya sayar da motar gado shi kaɗai, sai da yardar sauran magada a rubuce, in ba haka ba wata rana sammaci zai iske Baba yana zaune lafiya a zaurensa. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu daga kowane ɓangare, ki biya ta banki cikin asusun mai motar, kada ki damƙa wa dillali tsabar kuɗi. Inshorar dole ta ƙananan motoci naira dubu 15 ce a shekara tun farkon 2023, ki yi ta gaske, ki guji ta bakin titi.

To, duk wannan lissafin ƙarfe ne. Bari mu koma kan mutane, don nan ne wasiƙarki ta fi nauyi ko da ke ba ki lura ba.

Na fara da Baba. Yaushe rabonsa da tuƙi? Idan tun 1998 ne, an fi shekara 25, kuma titin Zariya na yau ba shi ne wanda ya sani ba. Lokacinsa babu Keke Napep suna fitowa ta kowace kusurwa, babu wannan turmutsutsun na Kwangila da Ƙofar Doka. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da shekara 71 take yi wa ido da gwiwa da saurin taka birki. 504 kuma mota ce ta ƙarfi, akwai kuloci, da yawansu sitiyarinsu ba shi da na'urar sauƙaƙawa, babu jakar iska, babu birkin zamani mai hana taya kullewa. Ki san lafiyar idonsa, ki san ko lasisinsa yana nan, ki kuma yi tunanin wanda zai riƙa jan sa idan shi ba zai iya ba, ƙane ko jika mai hankali. Sannan a ina za ta kwana? Kin ce a cikin birni suke, kuma mun san lungunan birnin Zazzau, wasu ko amalanke sai ta yi dabara. Idan motar za ta riƙa kwana a bakin titi nesa da gida, kin saya masa rashin barci.

Akwai kuma tambayar da ba wanda zai amsa sai shi. Mutum yana iya bin mota da kallo don yana son ta, yana kuma iya bin ta da kallo don tana tuna masa lokacin da yake da ƙarfinsa, kuna ƙanana a kujerar baya an yi muku kwalliya za a je kallon hawan Daushe. Idan na biyun ne, ƙarfe ba zai maido masa da shi ba, kuma zai fi jin daɗin ki zauna kusa da shi ki ce masa, Baba, na san dalilin da ya sa ka sayar da motar nan, ban manta ba. Ki faɗa masa wannan ko kin sayi mota ko ba ki saya ba.

Wannan ya kawo ni kan ba-zatar da kike so. A ganina ki rage mata girma. Ba-zata tana da daɗi a turare ko agogo ko sabuwar babbar riga, abin da idan bai dace ba za a sa a akwati a manta. Mota kuwa za ta zauna a rayuwarsa kullum, kuma a duk danginku babu wanda ya san 504 kamar mutumin da ya riƙe ta shekara 14. Kin ce ba ki san komai game da mota ba, alhali gwanin yana gidanku, shi ne kuma kike shirin ɓoye wa. Ga dabarar da nake ba ki. Idan an samu mota biyu ko uku da makanikenki ya yarda da su, ki je gida ki durƙusa ki ce, Baba, akwai wata tsohuwar mota da nake son saya, na ce ba zan biya ba sai ka duba mini. Ba ki yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Ki tafi da shi, ki ja gefe ki zuba ido. Idan kika ga ya zagaya ta yana shafa bodi, ya buɗe bonet da kansa ba tare da ya nemi inda makamar take ba, ya zauna a kujerar direba ya yi shiru, ya fara yi wa makanike gardama a kan ƙarar inji, kin samu amsarki. Idan kuwa ya ce, ke 'yar nan me za ki yi da wannan wahalar, ni da na rabu da tawa hutawa na yi, to kin tsira da miliyan ukunki, kuma kin ji daga bakinsa. Idan ya so ta, shi zai zaɓa, shi zai taya, kuma ina tabbatar miki tsohon malamin makaranta zai fi ki iya karya farashi. Ba-zatar tana nan ba ta tafi ko'ina ba, ranar da aka gama takardu ya ga sunansa a jiki ita ce ranarta.

Kada ma ki yi gaggawar fenti. Ki bar masa wannan. Mutumin da ya yi ritaya babu abin da yake nema kamar dalilin fita da safe. A bar shi ya riƙa zuwa gareji yana zama a kan benci, yana zaɓen launi, yana aika yaro neman fitilar baya ta asali. Watanni ukun da zai yi a haka wataƙila su fi masa ranar karɓar makulli daɗi.

Mama kuwa ki gaya mata, kuma ita ce ta farko. Kin ce ba ta iya ɓoye masa komai, ni kuma na ce wannan ba aibi ba ne a aure. Ita ta san abin da ke ba ki sani ba: ko yana da bashin da yake ɓoyewa, ko rufin ɗaki yana yoyo, ko likita ya hana shi wani abu, ko kuma da daddare yana yi mata zancen motar. Kuma ki tuna ranar da aka sayar da motar ita ma ta koma hawa bayan babur da shiga motar haya, ba ta ce komai ba. Idan mota ta shigo gidan ba da saninta ba, za ta yi murna a fuska, amma za ta ji an tsallake ta. Idan asiri ya fasu ta wajenta, asarar kaɗan ce.

Yayanku ma ina so ki yi masa adalci. Duba wasiƙarki: kuɗin jami'arsa aka biya da motar nan. Shekara da shekaru wataƙila yana ɗauke da wannan a ransa yana cewa wata rana shi zai maido ta, sai ga ƙanwarsa mace ta riga shi. Ɓacin ran da kika gani a fuskarsa ya fi kama da kunya a kan hassada. Maganarsa ta Umra kuma ba ta banza ba ce, babu ɗan da zai raina kai mahaifinsa Ɗakin Allah, kuma idan Baba bai taɓa zuwa ba, ya kamata a tambayi Mama wanne ya fi kwanta masa a rai. Ki same shi a gidansa, ban da waya, ki ce Yaya, ni na fara tari amma abin ya fi ƙarfina ni kaɗai, kai ne babba, ka shige mana gaba. Ki ba shi aikin da ake gani, ya tsaya a ciniki, ya sa hannu a matsayin shaida, ɗayan yayan ya ɗauki tayoyi ko man wata-wata. Ranar miƙawa a ce daga 'ya'yanka ne. Na san akwai ɗan ɗaci a nan, shekara biyu kina hana kanki, sai a raba ladar yabo da waɗanda suka zo daga baya. Amma iyaye sun san 'ya'yansu. Baba zai san daga inda abin ya taso ko ba a faɗa ba, kuma motar da 'ya'ya uku suke ciyarwa ta fi daɗewa a kan titi.

Abu guda ki shirya wa zuciyarki tun yanzu. Idan kin sa sunansa kin miƙa ya karɓa, ta zama tasa. Yana iya ba wani aro, yana iya cika ta da jikoki su ɓata kujeru, yana ma iya sayar da ita ranar da wata buƙata ta taso wa wani daga cikinku, don wanda ya yi sau ɗaya zai iya maimaitawa. Idan kin san ranki zai ɓaci, gara ki sani kafin ki biya.

Idan kuma bayan duk wannan lissafin bai fita ba, ko idonsa ba zai bari ba, akwai hanya mai sauƙi. Masu irin waɗannan motoci suna da son a yaba musu, kuma ta hannun tsofaffin makanikai za a iya samun wanda zai ba da tasa ta wuni guda, da direbanta, a biya shi. A ɗauki Baba da Mama a zagaya da su inda ya saba bi, makarantar da ya koyar, Kongo, Samaru, a tsaya a sayi tsire a dawo. Sauran kuɗin a haɗa da na yayyenki a nufi Umra, ko a gyara abin da Mama ta ce ya fi matsa musu. Ki kuma ɗan tambayi Mama ko ta tuna wanda ya sayi ta farkon. Ba na sa miki rai, shekarun da yawa, amma Zariya gari ne da ake sanin juna, kuma tambaya ba ta cin kuɗi.

Babbar Sallah kuwa ki cire ta daga lissafi. Wa'adi shi ne babban makamin dillali a kanki, da zarar ya gane kina da rana sai farashi ya ƙi sauka. Ga shi kuma gab da Sallah kowane gareji a cike yake, aikin da za a yi miki na gaggawa ne. Ki kai wa Baba ragonsa ko shaddarsa kamar yadda kika saba, mota ta zo a lokacinta.

A satin nan abu uku kawai nake so ki yi: ki kira dillalin ki ce ba za ki motsa ba sai kin ga takardu da mai motar, ki je ki zauna da Mama a ɗakinta, sannan ki nemi Yaya. Ki kuma gode wa maigidanki, ki roƙe shi ya taya ki neman makaniken. Idan kun kai Baba ganin motar, ki rubuto mini abin da ya fara yi da ya iso gabanta, ina so in ji. Ki gaishe mini da shi da Mama.

Kawunku